Shirun da ke Cikin Kaset ɗin Baba

Bayan sadakar arba'in ta Malam Yakubu, babban ɗansa Modu ya kira ƙannensa biyu zuwa gidansa a Haɗeja, su saurari kaset ɗin da tsohon ya bari. Malam Yakubu bai taɓa yarda da takarda ba. Tun yana da ƙarfinsa ya zauna gaban rikoda ya lissafa abin da ya mallaka, ya ce a ji bayan ransa.

Hafsat ta iso da hantsi daga Miga, inda take aure. Ta tarar da falon ya koma kamar shagon mai gyara. Rikoda huɗu ne a kan tebur, ɗaya a saman amfilifar gidan, wato na'urar ƙara sauti, ukun sun kewaye ta, wayoyi ja da fari sun sarƙe a baya. Autansu Haris, malamin firamare, yana zaune yana kallo.

"Yaya, duk wannan na mene ne?" in ji Hafsat.

"Ta saman nan ita za ta juya na Baba, ta tura wa amfilifa," Modu ya ce. "Amfilifa ta raba wa ukun nan su ɗauka a sababbin kaset. Kowa ya tashi da nasa a gaban idonsa, kada gobe wani ya ce an ba shi daban."

"Me ya hana mu ɗauka da waya?"

"Na waya ana yankewa a liƙa. Kaset ba ya ƙarya."

Babu wanda ya yi maganar yankewa kafin shi, kuma wannan ya tsaya wa Hafsat a rai. Tun ranar sadakar uku kaset ɗin yake hannun Modu. Sau biyu tana tambaya, sau biyu yana ce mata robar rikodarsa ta tsinke.

Da ya kunna, sifika ta yi wani gurnani. Ya leƙa baya, ya ga ya soka wayar fita a ramin shiga, ya gyara. Ya danna ukun tare, sannan ya saki ta saman.

Muryar mahaifinsu ta cika ɗakin, da tarin nan nasa. Ya ambaci gida, da shanu shida, da kwale-kwalen da ke bakin kogi. Sannan ya ce, "Gonar fadama ta Kirikasamma kuwa..."

Sai ƙas. Shiru, in ban da huci. Hafsat ta kalli kaset ɗin yana ta juyawa, har ta ɗauka ya ƙare. Can muryar ta dawo: "...shi ke nan. Allah ya yi muku albarka."

"Tsohon kaset ne, raɓa ta ci shi," in ji Modu. Haris ya gyaɗa kai da sauri.

"Miƙo shi in gani."

Tana yarinya ita ke danna wa Baba rikoda in zai aika saƙo ga ƙaninsa da ke Makka, don haka ta san al'adarsa. Da ya gama sai ya karya ɗan haƙorin da ke gindin kaset, don kada a yi ɗauka a kai. Ta juya wannan. Haƙorin a karye yake, amma bakin ramin yana da danƙo. Ta sa yatsa, ya kama. Ko ƙura bai ɗauka ba. Ta kuma san in aka liƙe ramin da salatif, ana iya sake ɗauka a kai.

"Yaya, wa ya liƙe ramin nan?"

"Haka na same shi." Bai ɗago ba, yana ta naɗe waya a hannu.

Washegari ta hau mota zuwa Kirikasamma, wurin Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifinsu. Ta same ta tana bandar kifi a bayan gida. Ta gaya mata abin da ta ji da abin da ba ta ji ba. Tsohuwar ta juya tarwaɗar da ke kan wuta.

"Gonar nan ba ta ubanku ba ce, 'yar nan. Aro ce. Shekarar da ruwa ya cinye tamu, wani makiyayi abokinsa, Fatihu, ya ba shi ya noma. Fatihu ya rasu, 'ya'yansa suna Birniwa, ina jin ba su ma san da ita ba. Ubanku ya ce a mayar."

"Yaya Modu ya san haka?"

"Ina zaune aka yi ɗaukar. Shi ya riƙe rikodar."

A hanyar dawowa motar ta bi ta gefen fadamar, shinkafa ta yi kore shar. Hafsat ta san in ta yi shiru tana da kaso a ciki, kuma babu mai tuhumarta. Har suka shiga Haɗeja tana wannan tunani, ba ta ji daɗin kanta ba.

Ta sami 'yan'uwan nata tare, Modu yana kwance wayoyin zai mayar da rikodojin aro. Ta faɗi abin da Gwaggo ta ce, ba ta ɗaga murya ba.

Modu ya ajiye abin da ke hannunsa. "Shekara goma sha biyar ina nomanta. Ni na haƙa rijiya, ni na sa injin ban ruwa. Sai in miƙa wa waɗanda ba su san hanyarta ba?"

"Kai fa, Haris? Ka sani?"

Haris ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin ta gane ita kaɗai aka shirya wa zaman jiya.

"Ranar Asabar ni da maigidana za mu Birniwa," ta ce. "Wanda zai je, mu haɗu a tasha."

Haris ya zo, bai iya haɗa ido da ita ba har suka isa. Modu bai zo ba. 'Ya'yan Fatihu suka saurare su, suka yi shawara, suka ce a bar shinkafar bana ta nuna tukuna. Bayan girbi suka karɓi gonarsu, suka bar wa Modu gefen rijiyar ya ci gaba da nomawa, a gaban shaidu. Ya karɓa, amma ya shekara bai taka gidan Hafsat ba.