Kwanon da Na Ranta wa Awaki

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari da ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya nufi gajimare. Tunda rufi ba shi da amfani a can, sai na ciro kwanon ɗakina na ranta wa wani kamfanin awaki.

Shugabansu, wani bunsuru mai suna Ciyaman Tankari, ya tara masu hannun jari a bakin kwazazzabo. A tsallake akwai gonar latas.

"Za mu yi fiffike da kwanon nan mu tashi," in ji shi. "In mun sauka lafiya, latas namu ne. In mun faɗa, kwanon Malam ne ya lotse."

Awaki suka yi tafi da kofato.

Na ce, "Ranka ya daɗe, adalci ke nan?"

"Adalci ya tafi hutu. Dawo wani makon."

Sai ga ni a rumfar Hajiya Ladidi, wata hawainiya mai yi wa takardu kuɗi. Ta lashi takardar bashina, ta koma koriya.

"Ɗan nan, ba ka karanta ƙasan ba? Duk ranar da ka ga dama, kana iya yafe kwanon ka rikiɗe akuya, a raba riba da kai."

"To nawa take yi?"

"Rabinta kwano ne, rabi ƙaho. Kuɗin kwano kowa ya sani. Shi ƙahon kuwa, iya haukar Ciyaman, iya tsadarsa."

Na koma na karanta wa Ciyaman. Gemunsa ya faɗi ƙasa, sakatare ya tsince.

"Wato mu mu karya ƙafa, kai ka zo cin latas? An fasa! Kowa ya koma kiwo a bola kamar iyayenmu."

Aka jingine kwanona, ko kwarzane babu. Kamata ya yi in gode wa Allah. Amma na hangi gonar nan shar da ita, goshina ya soma ƙaiƙayi.

"Haba Ciyaman," na ji bakina yana cewa, "ramin nan fa ba shi da wani zurfi."

Wata tsohuwar akuya mai goyo ta daina tuƙa, ta dube ni.

"Malam, in mun faɗa, kai me za ka zama?"

"Mutum mana. Mai bin bashi."

"In mun tsallake fa?"

Na buɗe baki in kawo mata hujja, sai na ji na ce, "Meee."

Nan injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni.