Tuwon Yaƙi

Daren jiya wani mafarki ya kwashe ni ya ajiye a garin da ban taɓa gani ba, kuma har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Neman ƙanena Tanimu na je, soja ne, tun da aka tura su daji wayarsa ta daina shiga. Takalmina ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi sama, don haka kowa ka gani ya tattare zaninsa, kansa a bushe.

Na tambayi wata mai tallar gyaɗa inda yaƙi yake.

"Bayan gari, gindin tsamiya," in ji ta. "Yana cin abinci. Shi kullum cikin ci yake."

Sai ga ni a gindin tsamiyar. Ashe yaƙin wani ƙaton mutum ne mai farar riga tas, ya naɗe hannu yana zuba loma. Tanimu na tsugune gabansa cikin kaki, ya dafe kwanon da hannun hagu, yadda ƙarami ke yi in yana ci da babba. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Tausayi ya kama ni, ni kuwa in tausayi ya kama ni faɗa nake yi.

"Tashi mu tafi gida! Inna ta daina barci saboda kai."

"Yaya, ya za a yi in tashi? Babba bai tsame hannu ba."

"To ya tsame mana!"

"Da kwanon ya kusa ƙarewa sai a ƙaro."

"Wa ke ƙarowa?"

Ya nuna gari da baki. "Majalisa."

Majalisar wani makeken madafi ne, an jera kujeru masu laushi kewaye da murhu. 'Yan majalisar awaki ne cikin manyan riguna. Shugabansu wani bunsuru ne mai tabarau, yana buga muciya a ƙasa in hayaniya ta yi yawa. A tsakiya tukunya ke tafasa, girmanta ya kai ɗaki.

"Ranka ya daɗe," na ce, ina toshe hanci da gefen mayafi, "ku kori baƙon nan na bayan gari."

"Baiwar Allah, ba mu muka gayyato shi ba, mai gari ne. Kuma a ƙasar nan ba a korar baƙo. Mu namu tukunya."

"To ku daina dafa masa."

Masu tuƙa suka dakata. Wata tsohuwar akuya ta miƙe ta ce doka ta ba su ikon janye itace daga murhu, kuma baƙon da aka daina kai wa kwano da ƙafarsa yake tafiya. Ta ce shekara da shekaru tana faɗa, ana ce mata a bari sai an dawo hutu.

Wani taure mai ƙiba ya katse ta, tuwo duk a gemunsa. "Yaranmu fa? Kwano ɗaya suke ci da shi. Ki hana shi, kin hana ƙanenki, Hajiya."

Na tsani bakin da maganar ta fito, amma ta soke ni, don ba ƙarya ya yi ba. Abin da baƙon ya rage shi ne abincin Tanimu.

Aka ce a kaɗa ƙuri'a da kunne. Kowace akuya ta ɗaga kunne ɗaya ta saukar da ɗaya, don kada gobe a ce ita ce. Bunsurun ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"An yi kunnen doki. Mai ɗan'uwa a bakin kwano ita za ta raba gardama."

Gaba kura, baya sayaki. In na bar wutar, Tanimu zai tsufa a tsugune. In na kashe, ban san me zai ci ba. Na zagaya murhun, na dawo, na sake zagayawa, ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Can dai na yi bismillah na kama icce na ja. Kowanne na jawo sai ya fito bindiga, tana hayaƙi. Tukunyar ta lafa. Awakin suka fara musu a kan wanda ya fara kawo shawarar.

Sai ga ni kuma a gindin tsamiya. Ba a ƙaro ba. Baƙon ya kankare gindin kwanon, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tsura wa hannun Tanimu ido, hannun da ke dafe da kwanon, irin kallon da mai yunwa ke yi wa tsoka.

"Saki kwanon, Tanimu! Ai ya ƙare!"

"Yaya, bai yi hamdala ba tukuna."

Na ruga, ƙasa na ja da ni baya. Baƙon ya ci gaba da kankarar kwanon da farce, idonsa na kan hannun, ƙarar tana ƙaruwa har ta cika min kai.

Na buɗe ido. Maƙwabciyata Ladidi ce ke kankare ƙanzo a tukunya bayan katanga. Na lalubo waya na kira lambar Tanimu, aka ce a kashe take. Da na tashi ɗora girkin rana, na auna shinkafa har da rabonsa.