Ƙwan da Harlan Ya Bari

"Yaya ƙwaina?" Harlan ya tambaya, tun kafin Delfina ta ajiye farfesun kazar da ta kawo masa asibiti.

"Ko gaisuwa babu? Tsohon kawai. Suna nan lafiya."

Sun daɗe katanga ɗaya a bayan garin Tucson, ita da kajinta, shi da macizansa, irin marasa dafin nan da ake kira gofa. Garejinsa cike yake da akwatunan roba, yana ta haɗa wannan da waccan don neman launi. Ya samu mai ruwan lemo, ya samu mai zane a gadon baya. Wanda ya hana shi sakat shi ne fari fat marar ɗigo, kuma bana macijiyar da ya ɗora wa rai ta yi ƙwai. Ranar da motar asibiti ta ɗauke shi, makulli kawai ya iya miƙa wa Delfina. Likitoci sun ce zuciyar ta gaji, shi kuwa ya ce ba inda za shi sai ya ga an ƙyanƙyashe.

"Kamar nawa nake kula da su," ta ce. "Safe da yamma sai na juya su."

Harlan ya tsaya cak.

"Juya su kike yi?"

"To da fa? Ƙwai ai sai da juyi. Ko kaza ta san wannan."

Ya daɗe yana kallon bango.

"Kin kyauta, uwar kaji," ya ce. "Ba ni farfesun nan."

Ranar Laraba ya cika.

Bayan an binne shi, Corinne, wata mai kiwon macizai da ya bar wa nasa, ta zo kwashe su. Tana buɗe akwatin ƙyanƙyasa ta yi turus. Kowane ƙwai da alamar fensir, wasu a gefe, wasu a ƙasa.

"Alamar nan da Harlan ya yi, sama ya kamata ta riƙa kallo," ta ce. "Ba a juya ƙwan maciji, ɗan da ke ciki mutuwa yake yi. Wa ya taɓa su?"

"Ni ce," in ji Delfina. "Na gaya masa ma. Cewa ya yi na kyauta."

Corinne ta sunkuyar da kai.

"Mu bar ƙwan a nan. Wataƙila ɗaya ya yi rai, ban sani ba."

Da motar ta tafi, Delfina ta jawo kujera gaban akwatin ta zauna. Ta cusa hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta danne su, tana kallon ƙwan ta gilashi.