Jifan Da Ya Shiga Raga

Ƙwallon ta tashi daga hannun mai jifa, ta tsallake kawunan 'yan wasa, ta wuce gola ta kwanta a raga. Fili ya kaure da ihu. Alƙalin wasa ya kai usur baki, amma ya kasa hurawa.

Doka a fili take: jifa ba ya zama ci sai wani ya taɓa ƙwallon kafin ta shiga. To, golan ya taɓa? Ya dai miƙa hannu, sannan ya janye kamar ya ga wuta. Abin haushin, golan nan ƙanin matar alƙali ne, kuma kaf filin babu wanda bai sani ba.

Alƙali ya ruga wurin mai tuta. "Ka ga taɓawa?"

"Rana ta kashe min ido," in ji shi. Kullum rana sai a irin wannan lokaci take kashe masa ido.

Gola ya matso yana dafa ƙirji. "Wallahi Yaya, ko iskarta ban ji ba."

"A nan ni ba yayanka ba ne."

Nan alƙali ya tuna makon jiya. Suna cin abinci yaron nan ya tambaye shi wannan dokar, har sau biyu, yana wani sosa ƙeya. Shekara da shekaru yana hura usur ba a taɓa kiransa macuci ba, yau ga sunansa a bakin ɗan yatsan suruki. Amma abin da ido bai gani ba, usur ba ya hura shi. Ya nuna bugun gida.

Kyaftin ɗin waɗanda aka hana ci ya yi dariyar takaici. "Ba komai, alƙali. Ai mun san gidan da ka yi aure."

Da yamma gola ya zo gaishe da yayarsa. Aka ajiye musu kwano ɗaya shi da alƙali kamar kullum, sai ya ce a ba shi cokali. Mutumin da ke cewa cokali na rage wa abinci daɗi!

"Kai, me ya sami ɗan yatsanka ya kumbura haka?" in ji yayar.

"Ƙofa ce ta datse ni."

"Yaushe?" Alƙali ya tambaya a hankali.

Gola bai ɗago kai ba. "Yaya, ci abinci mana, zai huce."