Ƙofar Awaki

Laka ba ta gama bushewa ba. Sawun yatsun mai yaɓe na nan ɓaro-ɓaro a jikin katanga, daidai inda ƙofar awakin Inna Tabawa take har jiya. Rahamatu ta tsaya a gaban wurin da waya a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

Malamar makaranta ce a Tanut, amma a nan Belbeji aka yanke mata cibi. Shekara biyu ke nan tana cikin ƴan sa-kai masu haɗa taswirar makewayan jama'a a Damargu. Aikin ba wuya, sai dai ba kowa ke yarda a gan shi yana yi ba: ka je tasha ko kasuwa, ka leƙa salga, ka ɗauki hoto, ka aika ta waya. Mai lafiya a sa mata koren ɗigo, wadda ta cika ko ta rufta a sa mata ja. Ƙawayenta har suna suka raɗa mata, wai Sarauniyar Salga, ita ko a jikinta. Uwarta ta shekara talatin tana sayar da daddawa a kasuwar Belbeji, kuma ran kasuwa ba ta shan ruwa tun asuba har magariba, don kada fitsari ya kama ta a tsakiyar maza. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinta.

A taswirar, makewayai ukun da ke kusa da kasuwa duk ja ne. Amma mata suna da nasu wurin, wanda ba ya kan kowace takarda. Katangar Inna Tabawa ta baya tana kallon layin masu nono, da wata ƴar ƙofar langa-langa da aka yi don awaki, sai mutum ya sunkuya yake shiga. Awakin sun daɗe da tafiya, ƙofar ta zauna. Ran kasuwa tsohuwar takan share makewayinta, ta barbaɗa toka, ta cika randa, ta ajiye buta biyu. Mace in ta matsu sai ta ce wa ta kusa da ita ta duba mata kaya, za ta je ta gaida Inna. Maza sun shekara suna jin haka, suna ta yaba zumuncin matan Belbeji.

Rahamatu ce ta kai maganar ga Nafi'u, shugaban ƴan sa-kai a Tanut, wanda ba ɗigon da ke fitowa sai ya amince. Ba ta ce ya sa wurin a taswira ba. Tambaya ta yi, ko akwai dabarar yin alamar da mata kaɗai za su gani, saboda baƙin da ke zuwa daga Tenhya ba su san gari ba. Ta ma nemi izinin Inna tukuna. Tsohuwar ta ce in dai tsakanin mata ne ba laifi, amma kada ɗanta Abdulgani ya tsinci zancen a bakin duniya. Nafi'u ya ce ta turo masa hoto da kwatancen wurin ya ajiye su, zai bincika. Ya dafa ƙirji ya ce amana ce.

Amana! Mako uku ba su cika ba aka ce masu tallafa wa aikin za su zo daga Damagaram su gani da idonsu. Nafi'u ya dubi Belbeji, ja, ja, ja, ya ga abin ba zai yi kyau a idon baƙi ba. Sai ya danna wa gidan Inna kore, har da rubutu a ƙasa da Faransanci: kyauta ne, akwai ruwa, akwai tsabta.

Direbobin manyan motoci ne suka fara gani, su da ba sa rabuwa da waya. Cikin mako guda ƙarti bakwai suka sunkuya ta ƙofar awaki. Wani ma ya ba wurin tauraro biyu cikin biyar, wai babu sabulu, kuma ta nan ne Rahamatu ta gano abin da aka yi, ta hawo motar kasuwa da sassafe. Ta makara. Na bakwai ɗin ya riga ya yi kiciɓis da matar Abdulgani ta fito wanka da zane a ƙirji, kafin ranar jiya ta faɗi Abdulgani ya kwaɓa laka ya toshe ƙofar.

Ta kewaya ta babbar ƙofa ta yi sallama. Inna Tabawa na zaune a tabarma tana tsince wake, randar nan kuwa an kife ta a gindin bango. Ta amsa gaisuwa tsaf, ta tambayi mutanen Tanut, ta tambayi gajiya, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a taɓa gani ba. Wannan ya fi zagi ciwo. Rahamatu ta durƙusa ta fara rantsuwa cewa ba ita ta sa ba.

"Ni ban san wani Nafi'u ba," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Ke na sani."

"Inna, ki gafarce ni."

"Kin san ran da na sayar da awakina? Ran sadakar bakwai ɗin uwarki, na bar wa mata ƙofar. Tabarma ɗaya muka shimfiɗa kaya da ita shekara ashirin, ina kallon leɓenta na tsagewa, na ɗauka azumi take yi." Ta ture ƙwaryar waken gefe. "Tashi ki je, ɗiyar nan, kada Abdulgani ya tarar da ke."

A ƙarƙashin wata bishiyar bedi ta kira Nafi'u a waya. Shi kuwa a sake yake. Ya ce taswira ta jama'a ce, ba a ɓoye abu a cikinta, kuma baƙin sun yaba ƙwarai da wannan koren ɗigo. Ta ce ya goge shi gaba ɗaya. Ya ce ai ta san ƙa'ida, wurin da ya shiga ba ya fita, launi kawai ake canza masa.

"In an rufe, Malama, ki sa ja mana. Ai aikinki ke nan."

Rahamatu ta buɗe taswirar a waya. In ta bar shi kore, gobe wani ƙato zai zo ya buga wa Inna babbar ƙofa. Ta ɗauki hoton lakar, da sawun yatsun da komai, ta danna ja. Nan take Nafi'u ya amince, har ya yaba himmarta a zauren ƴan sa-kai na waya. Ba ta taɓa jin ta tsani mutum kamar yadda ta tsane shi ba a lokacin, ta kuma haɗa da kanta.

Rana ta take. Tun fitowarta daga Tanut ba ta kewaya ba, yanzu kam mararta ta ɗaure. Ta nufi layin masu nono, wajen Dado, wata Bafilatana da ta san ta tun tana goye. Tana isowa ta ga wata mai man shanu ta raɗa wa Dado magana, ta tura mata ƙwaryarta, ta ɓace cikin wani lungu da buta a ƙarƙashin mayafi. Ashe har sun sami wata ƙofar. Daɗi ya kama Rahamatu, ta tsuguna ta gaida Dado, ta rage murya.

"Gwaggo Dado, ina ake zuwa yanzu? Wallahi a matse nake."

Dado ta dubi fuskarta, sannan ta dubi wayar da ke hannunta. Ta kori ƙuda daga bakin ƙwarya, ta gyara faifai.

"Mu ba ma zuwa ko'ina, Malama."

Motar Tanut ba ta tashi sai la'asar. Rahamatu ta koma gindin bedi ta zauna, ta haɗe gwiwoyi. Wata mai ruwan sanyi ta zo wucewa da bokiti a ka, ta tsaya a kanta ta miƙo mata leda ɗaya mai raɓa. Maƙogwaronta ya bushe ƙamas. Ta lashi leɓe, ta girgiza kai.