Tsiron Bakin Magudana

Shi ya fara ganinsa, wannan ko a gaban alƙali Baba Sha-Wuya zai maimaita. Tun tsiron yana ganye biyu kamar kunnen ɓera, a bakin magudanar da ake zubar da ruwan wanke-wanke, ya tsuguna ya kewaye shi da fasassun bulo. Sauran mutanen gidan sai da ya fara yaɗo suka lura, har da ɗansa mai gilashi a ido.

Ba wanda ya shuka shi. Baba ya murza ganye ɗaya, ya shinshina, ya ce kabewa ce. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekarar da abinci ya yanke, shi ya riƙe mutum tara da ganyen daji, ba wanda ko cikinsa ya murɗa. Irin wannan mutum ba a koya masa ganye.

Matar ɗansa ta ɗauki hoton tsiron a waya.

"Baba, ta ce duma ne."

"Wa ya ce?"

"Wayar."

"Ita wayar ta taɓa kwana da yunwa?"

Ɗan nasa, malamin asibiti, ya daɗe yana neman hanyar raba tsohon da lambun gidan, tun bara da Baba ya tuge barkono jere guda yana cewa ciyawa ce. Sai ya samu ƙofa.

"Baba, fure zai raba gardama. In rawaya ya fito, kabewa ce, lambu naka ne, ba mai ƙara yi maka magana. In fari ne, duma ne, ka miƙa mata fartanya ka huta."

"Na yarda. Ku tanadi tukunya."

Lambun taku goma sha biyu ne a tsaye, bakwai a kwance. Shi kaɗai ya rage wurin da Baba ke cewa a yi, a yi.

Ranar da tsiron ya kama katanga, gab da faɗuwar rana, Baba ya ga furen farko yana buɗewa. Fari fat. Ya duba hagu, ya duba dama, ya tsinke shi ya jefa aljihu. Washegari biyu suka fito, su ma suka bi ɗan'uwansu. Kwana tara yana wannan sintiri. In an tambaya sai ya ce kabewar kirki ba ta gaggawa.

Abin da ya manta shi ne ba shi ke wanke rigarsa ba.

Matar ɗan ta same shi a kan benci, ta durƙusa, ta buɗe tafin hannunta. Furanni ne a yamutse, sun yi laushi, amma farinsu bai ɓuya ba.

"Baba, na tsinci kaya a aljihunka."

Ya dube su kamar bai taɓa ganinsu ba. "Iska ce ta kwaso."

"Iskar ta iya ƙirga. Goma sha huɗu ne."

Ta mayar da hannunta ta dunƙule.

"Ni ba fartanyarka nake so ba, Baba. Kwana biyu zan yi da ita bayana ya ƙage. Kunya biyun nan na jikin katanga nake so, in sa tumatir."

"Ɗaya."

"Biyu. Ɗanka yana dawowa ƙarfe shida."

Da malamin asibiti ya dawo, ya tarar an tuge tsiron, akuyar maƙwabci tana ƙarasa ganyen. Baba ya ce tsutsa ce ta cinye saiwar, ya gani tun shekaranjiya, bai so ya tayar wa kowa hankali ba. Ya ƙara da cewa ya ba 'yar nan kunya biyu don ta koyi aiki a hannun gwani. Ɗan ya dubi matarsa. Ita kuwa tana ta dirzar tukunya, ba ta ɗago ba.

Fartanya tana nan a bayan ƙofar Baba. Tumatir ya yi kyau, Baba ya ce yawun bakinsa ne. Tsiron nan kuma kabewa ce, da ta rayu da sai mutum biyu sun ɗaga ɗaya. Wanda ya ce ba haka ba ne, ga benci, ga Baba a zaune: ya zo da farin fure ko guda ɗaya a hannunsa.