Fumfunar cikin maɗaci

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, magani ya gagari talaka a Yaoundé. A shekarar ne kuma yajin aiki ya rufe labo ɗin jami'a, ɗakin gwajin da Saliha ke bincike a ciki, sai ta kwaso 'yan farantanta na gilashi ta kawo gida a unguwar Briqueterie, ta jera a ƙarƙashin tebur.

Abin da take nomawa a cikinsu fumfuna ce kala biyu, koriya da baƙa, amma ba irin ta tuwon da ya kwana ba. Daga cikin ɓawon maɗaci ta fito da ita, ɓawon da mahaifinta Malam Haman ke sayarwa a bakin titi tun kafin a haife ta. Saliha dai akwai cika baki. Ta sha gaya masa cewa wataƙila ba itacen ke warkarwa ba, fumfunar da ke zaune a cikinsa ce, kuma ta ga koriyar ta kashe ƙwayar cuta da idonta. Ba ta gaya masa abin da baƙar ta yi wa ɓerayen gwaji ba.

Zazzaɓi ya kama 'yarta Ilham, jiƙon kakanta bai yi komai ba. Saliha ta fita da safe, ta zaga kantunan magani har unguwar Elig-Edzoa, ta dawo da azahar hannu wofi.

Tana shiga ɗaki ta ga faranti ɗaya a buɗe a kan tebur, da cokali a gefe. An kankare baƙar tas.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta faɗa kan yarinyar, ta buɗe mata baki tana shinshinawa, tana kiran sunanta.

"Baba! Me ka ba ta?"

Malam Haman na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Kwantar da hankalinki, Saliha. Na dama wannan champignon naki, fumfunar nan, na zaɓi wanda ya fi ɗaci, don shi ne mai ƙarfi. Amma ban ba ta ba."

"Wallahi, Baba?"

"Wallahi. Ni ba na ba jinjirin kowa abin da cikina bai gwada ba, balle jikata. Na shanye kofi guda. In na kai la'asar lafiya, sai a dama mata nata."

Ya kai hannu zai share gumin, hannun ya ƙi tashi.